Abin da ke Bayan Gada

A Iten, garinmu na kan tudu, in ka ce Elkana Chemweno sai an tsaya an yi tunani. In ka ce Zomo, ko mai sayar da gawayi zai nuna maka gidansa da baki. Shekara goma sha huɗu ya yi yana wannan sana'a ta zomon tsere. A ɗauke shi a jirgi a kai shi biranen Turawa, ya shiga gaban manyan 'yan tsere yana ja musu gudu, yana tare musu iska, idonsa a kan agogo, ba ya ƙara daƙiƙa ba ya ragewa. Da an kai kilomita talatin sai ya ratse gefe, ya bar masu suna su ƙarasa goma sha biyun da suka rage. A yafa masa bargo, a sa shi a mota. Mutum uku sun yi suna a duniya suna bin dugadugansa, shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa taka layin ƙarshe ba.

Akwai wani birni da ya ja gudu a cikinsa har sau shida. A can, alamar kilomita talatin tana daidai bakin wata doguwar gada. Elkana ya san kowace kwana ta hanyar nan, ya san inda iska ke dukan ƙirji da inda 'yan kallo ke kaɗa ƙararrawa, amma iyakarsa bakin gada. Abin da ke bayanta bai sani ba, kuma da gangan ya ƙi sani. In ana nuna tseren a talabijin ɗin mai shayi, da 'yan gudu sun doshi gadar sai ya ajiye kofi ya fita. Abokai su yi ta masa tsiya.

"Zomo, dawo mana! Ba kura a can!"

"Ku sha kallonku," in ji shi. "Ni da ƙafata zan gan shi."

To a bana wakilinsa ya samo masa lamba tasa ta kansa a tseren birnin nan, na watan Oktoba. Ba jan gudu ba, tsere har ƙarshe. Mutumin bai ɓoye masa komai ba a waya. Ya ce shekararsa talatin da bakwai, masu shirya tseren sun yarda ne don mutuncinsa, kuma wannan ce, babu wata bayanta. Matarsa Salina ta je kasuwa a makon nan ta zaɓo sabon gora, ta wanke, ta fara goga masa gawayin itace a ciki. Da irinsa ake tarar ɗan tsere a filin jirgi, cike da nonon da muke kira mursik, a kafa masa a baki a gaban jama'a. Ba a taɓa tarar zomo da gora ba.

A watan Mayu agarar ƙafar Elkana ta hagu ta fara ciwo. Da fari ɗan tauri ne da safe, daga baya ta kumbura ta yi ƙulu kamar an cusa ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata. Ya yi shiru da bakinsa har sai da Baffa Barsulai, ƙanen mahaifinsa kuma mai horar da shi tun yana ɗan makaranta, ya ga sawunsa a laka ya ga diddigen hagu ba ya nutsewa kamar na dama. Shi ya tasa Elkana da Salina gaba, suka shiga mota zuwa Eldoret.

Likitar sunanta Awuor, 'yar bakin tafki ce daga wajen Kisumu, doguwa mai yawan dariya, ba ta cika shekara biyu a tudunmu ba. Ta shafa masa wani ruwa mai sanyi a agara, ta ɗora kan na'urar hoto, ta daɗe tana kallo.

"Jijiyar ta gaji," in ji ta. "Ba ta tsinke ba, amma zarenta ya fara sakwarkwacewa. Wurin nan jini ba ya isarsa sosai, shi ya sa ba ya warkewa da kansa. Za mu kai masa jinin har gida."

Baffa Barsulai ya gyara zama. Kalmar jini da allura a garinmu ba abin wasa ba ce, an kori yara da yawa daga tsere saboda su.

"Jinin wa, 'yata?"

"Nasa, Baba. Ba na saniya ba, ba na kanti ba. Ba a hana wannan ba, zan rubuta muku a takarda ku kai duk inda kuke so."

Ta zuƙi jini daga hannun Elkana, ta zuba a 'yar kwalba, ta sa a wani injin da bai fi tukunyar shayi girma ba. Injin ya yi ta juyi yana gunji wajen minti goma. Da ta fito da kwalbar, jinin ya rabu biyu, ja ya kwanta a ƙasa, wani ruwa mai launin man shanu ya taso sama. Shi ta zuƙe a sirinji. Ta ce a cikinsa 'yan gyaran jiki suke, waɗanda ke ruguwa wurin rauni in mutum ya yanke.

"Wannan allurar da zafi," in ji ta. "Ba na yi wa kowa ƙarya. In za ka yi ihu ka yi, bangon nan ya saba."

Ta soka. Allura ce doguwa, tana shiga tana fita a cikin jijiyar, tana bin hoton. Elkana ya ji kamar an zura masa jan ƙarfe daga diddige har ƙugu. Ya zuba wa kalandar bango ido. Fuskarsa ba ta motsa ba.

"Ikon Allah," in ji likita. "Ku mutanen tudu da itace aka sassaƙa ku?"

Baffa Barsulai ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. "Wannan? Ai ni na tsaya a bayansa ranar. Ko ƙiftawa bai yi ba."

Ba ta tambayi wace rana ba, shi ma bai ƙara ba. A wajenmu yaro in ya kai sha biyar, a hutun Disamba ake kai shi daji a yi masa kaciya da sanyin safiya, dattawa sun kewaye shi sun zuba wa fuskarsa ido. In ya ƙifta, to ya ƙifta har ya mutu, za a tuna masa a wurin neman aure da wurin rabon gona. In ya daure, ya fito namiji, kuma abin da ya koya a safiyar nan shi zai riƙe har kabari: ciwo naka ne kai kaɗai, ba a nuna shi, ba a faɗinsa, balle a gaban mace. Muna alfahari da wannan. Mu kan ce shi ya sa yaranmu ke cinye tseren duniya, kuma wataƙila da gaskiya a ciki. Ba mu dai cika lissafa waɗanda ya cinye ba.

Likita ta jawo wani littafi mai koren bango, ta zauna ta fuskance shi.

"Saurare ni da kyau, Elkana. Allura rabin aiki ce. Ruwan nan zai ta da gyara, amma sabon zaren da zai fito ɗanye ne, sai a hankali yake ƙwari. Za mu hau matakala ni da kai. Mako biyu tafiya kawai. Daga nan ɗaga diddige a bakin dakali. Daga nan sassarfa. Gudu shi ne can ƙarshe. Ba ka shan ƙwayar kashe ciwo ko ɗaya, tana ɓata aikin. Kowace Litinin za ka zo in tambaye ka abu ɗaya: daga ɗaya zuwa goma, ciwon nawa ne? Ɗaya ko biyu, mu hau gaba. Uku, mu tsaya. Sama da haka, mu koma baya."

"In an koma baya, Oktoba fa?"

"Oktoba tana nan inda take. Ni ƙafarka na sani." Ta nuna na'urar da biro. "Wannan tana nuna mini kauri, amma ba ta jin ciwo. Ba ni da ido a cikin agararka sai bakinka. Yanzu nawa ne?"

Ƙafar tana ci kamar wuta. Salina na zaune a gefe da jaka a cinya. Baffa na dogare da sanda yana murmushi.

"Ɗaya, Likita."

Ta ɗaga gira, ta dube shi, ta dubi fuskar nan da babu komai a kanta. Sannan ta rubuta.

Kada a ce Elkana maƙaryaci ne. Mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu ba a taɓa kama shi da cin daƙiƙa ɗaya ba, ba ya cikin masu ƙarya. Shi a wurinsa tambayar ce ba ta da kan gado. In mace ta dubi namiji ta ce nawa kake jin ciwo, amsa ɗaya ce ya sani tun yana ɗan sha biyar. Da ta tambaye shi kilomita nawa zai iya kafin ƙafar ta ƙi, da ya faɗa mata har da rabi.

Makonni biyun farko gaskiya ta kusa cim ma bakinsa, don ƙulun ya ɗan sace, taurin safe ya ragu. Da aka hau dakali ciwon ya dawo. Litinin ta zo, ya ce ɗaya. Aka ƙara masa nauyi, ya riƙa ɗaga diddige da jarkar ruwa a hannu. Ya ce ɗaya. A mako na biyar aka yi allura ta biyu, aka sake juya jini, aka sake zura masa jan ƙarfen nan. Bayan kwana goma likita ta ce ya fara sassarfa a kan ciyawa.

Salina ce kaɗai ta san lissafin gaskiya. Ita ke ganinsa in gari ya waye, yadda yake zama a bakin gado yana kallon ƙasa kamar mai shirin taka ƙaya, yadda yake dafa bango taku biyar na farko kafin ya saki. Wata safiyar Litinin tana dama shayi, ta yi magana ba ta juyo ba.

"Baban Jebet, yau nawa za ka ce mata?"

"Abin da yake."

"Bangon nan ya fi ta sanin abin da yake. Dubi inda hannunka ya yi masa baƙi."

"Sai ki shafe shi da farar ƙasa."

"Ni kake yi wa wasa? Matar nan ta ce ba ta da ido sai bakinka. Ka bar ta tana tafiya a makance, kai kuma kana biye da ita."

Ya karɓi kofin, ya hura. "In na ce huɗu, ta mai da ni tafiya. Mako uku sun tafi. Ki ƙirga da kanki ki ga inda Oktoba ta faɗa."

"To don Oktoba ne, ko don kada a ji ka ce wayyo?"

Shi kansa bai san inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Ya shanye shayinsa ya ɗauki takalmi.

Ranar Salina ta bi shi Eldoret da niyya. Duk hanya tana haɗa maganar a ranta. Da likita ta buɗe koren littafin ta ce nawa, ya ce ɗaya, Salina ta buɗe baki. Likita ta juyo.

"Maman gida, da magana?"

Elkana bai dubi Salina ba. Bai yi mata ko tari ba. Yana zaune ne kawai, ƙafa ɗaya babu takalmi, wuyansa a miƙe, furfura ta fara fito masa a bayan kunne. Salina ta ga abin da za ta yi: ta tuɓe mijinta a gaban baƙuwa, ta ce ga shi nan, yana dafa bango. Ita ma 'yar tudun nan ce, uwarta ta haifi tara ba a ji muryarta a waje ba.

"A'a, Likita," in ji ta. "Dama tambaya zan yi ko zai iya shan nono."

"Ya sha har ya gaji," in ji likita tana dariya.

Suka shiga mota suka koma. Da suka sauka ya karɓi jakarta ya riƙe mata har gida, abin da bai saba ba. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Likita Awuor ba sakarya ba ce. Sau biyu tana matsa jijiyar da babban yatsa tana kallon idonsa. Ta sa shi ya yi tsalle da ƙafa ɗaya sau goma, ya yi, ya sauka daidai kamar ɗan rawa. Ta ce hoton bai yi kyan da take so ba, amma hoto kan makara, jiki kan riga shi. Ta ce, "Ka tabbata?" Ya ce ya tabbata. A ƙarshen Agusta, mako na goma sha ɗaya, ta rufe littafin ta ce ya koma cikin jama'a ya gwada gudu mai ƙarfi.

Ranar Alhamis da ƙarfe tara ake haɗuwa a mararrabar jar hanya, mutum ya fi ɗari biyu, daga zakaran duniya har wanda ya aro takalmi. Minti ɗaya a guje, minti ɗaya a sassauta, har sau ashirin da biyar. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, masara ta fi mutum tsawo dama da hagu. Da suka hango shi sai shewa ta tashi.

"Zomo ya dawo!"

"An ce jininka aka tace aka mayar maka. Ka rage mana ko cokali ɗaya mana, tsoho!"

"Ku dai ku bi a hankali," in ji Elkana, "kada ƙura ta shaƙe ku."

"Wace ƙura a cikin laka?"

"Za ku gani."

Baffa Barsulai na bakin hanya a kan babur ɗin haya, agogo a wuya. Aka ƙirga, aka tashi. Ba wanda ya ce Elkana ya shiga gaba, ƙafarsa ce ta kai shi inda ta saba, sauran kuma suka jeru a bayansa don sun san agogonsa ba ya kuskure. Ciwon yana nan, shida ne ko bakwai, amma ya san yadda ake ajiye shi a gefe kamar baƙon da ba a so. Iska ta cika masa ƙirji. A zagaye na tara har ya ji daɗi, irin daɗin da ya manta. Ya ga gadar a ransa, ya ga kansa yana hawa.

A zagaye na goma sha huɗu, a ɗan hawan da ke kusa da makarantar firamare, wani ya harbe shi a diddige. Haka ya ji, har da ƙara, kamar an karya busasshen kara. Ya juyo a fusace don ya ga wane mara kunya ne ya taka shi. Na kusa da shi yana baya da taku huɗu.

Ya sa ƙafar a ƙasa, ba ta amsa ba. Ya ratse gefe kamar yadda ya yi shekara goma sha huɗu yana yi, ya zauna a kan ciyawa, mutum ɗari biyu suka wuce shi suna haki. Bai yi ƙara ba. Da babur ya iso, yana zaune yana kwance igiyar takalmi a natse.

A Eldoret likita ta sa shi ya kwanta rub da ciki, ƙafafu na reto a bakin gado. Ta matsa sha-raɓar dama, tafin ƙafa ya motsa. Ta matsa ta hagu, shiru. Ta sa yatsa a bayan diddige, yatsan ya faɗa rami. Ba ta ko kunna na'urar ba tukuna, ta ja kujera ta zauna, duk dariyar nan tata ta tafi.

"Ta tsinke gaba ɗaya. Sai tiyata, a ɗinke. Za ka yi tafiya, za ka yi noma, wataƙila ka yi sassarfa bayan shekara." Ta dube shi. "Tsere ya ƙare, Elkana."

Ya gyaɗa kai.

Hannunta ya kai ga koren littafin don sabo. "Yanzu nawa ne?"

Ya saurari ƙafar. Abin mamaki, wutar nan da ta yi wata huɗu tana cinsa ta mutu. Jijiyar da ta tsinke ba ta da sauran abin ja.

"Ɗaya, Likita."

Ta buɗe shafin, ta juya shi ta tura masa. Litinin goma sha ɗaya, ɗaya goma sha ɗaya, a jere da rubutunta.

"A cikin waɗannan wacce ce gaskiya?"

Ya daɗe yana kallo. "Ta yau," in ji shi.

Ta cire tabarau ta ajiye. Fushi ne a muryarta, ba tausayi ba. "Da ka ce mini biyar sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Da na tsayar da kai mako uku, da na ƙara allura, da mun canja hanya. Ban ce lalle da ka je Oktoba ba, ban sani ba. Amma da ƙafarka tana nan. Jininka ya yi aikinsa, na gani da idona, sabon zare ya fara. Ni na ɗora masa kaya da hannuna, don ka ce mini ɗaya."

Salina na tsaye a bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen zane. Likita ta dube ta, ta tuna tambayar nono, ta gane. Ta kawar da kai, kuma Salina ta fi son a ce ta zage ta.

Aka yi tiyata, aka ɗaure ƙafar da filasta har gwiwa, aka ba shi sanduna biyu. Jama'a suka yi ta zuwa dubiya da ƙwai da ganye. Goran nan kuwa yana rataye a bayan ƙofa, nono ya kwana a ciki ya yi kauri, don Salina ba ta iya zubarwa ba, ba ta kuma iya daina ƙarawa ba.

Ranar Lahadin tseren, bayan an taso coci, Baffa Barsulai ya zo da dattawa biyu abokansa. Ba wanda ya gayyace su, ba kuma wanda zai ce su koma. Aka kunna talabijin, aka jera kujeru, Elkana ya ɗora filastarsa a kan 'yar kujera. Salina ta sauko da goran ta zuba wa kowa a kofi, fari da ɗigon baƙin gawayi. Ta miƙa wa mijinta nasa da hannu biyu, ba su haɗa ido ba.

Ga birnin nan a cikin akwati, da sanyinsa da tutocinsa. Zomaye uku a gaba cikin riguna masu ratsi, biyu ma yaran garinmu ne. Elkana na kiran kwanoni kafin a kai su. Nan za a karya hagu. Nan iska take. Na tsakiyan nan yana sauri da daƙiƙa biyu, zai kashe su.

Baffa Barsulai ya kurɓi nono ya share gashin baki. Tausayin ɗan wansa ya cika shi, kuma hanya ɗaya ya sani ta nuna shi.

"Ku da ba ku wurin," in ji shi ga abokansa, "ni ina wurin. Jijiya ta tsinke, ƙararta har kan babur na ji. Yaron nan ya zauna yana kwance takalmi kamar wanda ya dawo daga gona. Ko uhm. Haka yake tun ranar daji. Jinin Chemweno ke nan."

Dattawan suka gyaɗa kai, suka yi gunjin yabo.

"Baffa," in ji Elkana.

"Na'am, ɗana."

"Da ciwo."

Tsohon ya dube shi kamar bai ji da kyau ba.

"Tun watan Mayu da ciwo. Kullum. Allurar nan da ka ga ban ƙifta ba, na ji kamar raina zai fita. Kowace safiya sai na dafa bango, ga shaidar can, tambayi Maman Jebet. Bakwai ne, Baffa. Wata rana takwas. Ni na ce mata ɗaya."

Ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai yana kallon kofinsa, don a wajenmu jin irin wannan magana ma abin kunya ne. Hannun Baffa Barsulai ya sauka a kan gwiwarsa ta dama, wadda ya yi shekara arba'in yana ja yana cewa salon tafiyarsa ne. Ya bar hannun a wurin.

A cikin akwati, gadar ta bayyana. Zomaye suka dubi agogo, suka ratse gefe ɗaya bayan ɗaya, wani ya rugo musu da barguna. Salina ta san al'adar mijinta. Ta tashi ta miƙo masa sandunansa, ɗayan hannunta a kan makunnin talabijin.

"In kashe?"

Ya dubi sandunan. Ya dubi filastar.

"Bar shi," in ji shi.

'Yan tseren suka hau gadar, mutum biyar, suka gangara ɗaya gefen. Elkana ya matso gaba a kujerarsa. Hanya ce mai faɗi, da bishiyoyi dama da hagu ganyensu ya yi ja. Akwai kantin burodi da rumfa shuɗiya. Wata tsohuwa a bakin titi tana riƙe da kare, tana tafi da hannu ɗaya a cinyarta. Daga nan hanyar ta ɗan yi gangara, mai sauƙi, irin wadda ƙafa ke hutawa a kanta.

"Ashe gangara ce," in ji Elkana a hankali. "Maman Jebet, kin gani? Gangara ce."

Hawaye na zuba a fuskarsa, a gaban matarsa da baffansa da baƙi biyu, bai share ba. Salina ta jingina sandunan da bango, daidai inda hannunsa ya yi baƙi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar, suka kalli sauran kilomita goma sha ɗaya tare.